Yadda Aka Yanka Iyaka Daga Kwara Zuwa Cadi

Iyakar da ta raba Sakkwato da Ƙonni, ta raba Katsina da Maraɗi, sau huɗu ana shata ta bisa takarda a Turai kafin a taka ta da ƙafa.

Cikin 1890 Ingilishi da Faransi suka ja layi daga Sayi, bakin Kwara, zuwa Baruwa, bakin tabkin Cadi, alhali kuwa masu jan layin ba wanda ya san ƙasar. Saboda haka gardama ba ta ƙare ba. Cikin 1897 da 1898 sojojinsu suka yi ta kafa tutoci gab da juna a ƙasar Bargu, har kowa ya ce yaƙi ya zo. Amma manyansu suka zauna a Paris, ran 14 ga Yuni 1898 suka shirya. Bussa ta zama ta Ingilishi, Nikki ta Faransi. Wajen arewa kuwa aka auna mil 100 daga birnin Sakkwato, aka zana baka, aka ce abin da ke ciki na Ingilishi ne.

To, nan fa Faransi suka gane an bar su da ƙishirwa. Ayarinsu in ya tashi daga Kwara za shi Damagaram, tilas ya kewaye bakan nan ta arewa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, ga rairayi, dabbobi na mutuwa. Da ma ruwa suke so, ba faɗin ƙasa ba. Da Ingilishi suka fahimci haka, sai aka yi ciniki mai ban mamaki cikin 1904: Faransi suka saki wani tsohon hakkinsu na masunta a gaɓar tsibirin Niyufawunlan, can hayin tekun Atlantika, cikin abin da aka ba su kuwa har da janyo iyakar nan kudu. Watau da kifin wata duniya aka sayi rijiyoyin Ƙonni da na Maraɗi. Aka kuma rubuta a lura da mulkin sarakuna, kada a raba talakawa da ubangijinsu in da hali. Sarakunan da kansu dai ba a kira ko ɗaya wurin zaman ba.

Aka ƙara gyara cikin 1906, sa'an nan aka aiko Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho. Suka bi ƙasa gari gari har 1908, suna tambayar dattawa wa ke karɓar harajin wane ƙauye, suna kafa alamu, guda 148. Wani wuri layin ya ratsa tsakanin mutum da gonarsa, ya bar kasuwa a wannan gefe, masu cinta a wancan. Cikin 1910 aka sa hannu a Landan, ba a harba bindiga tsakanin ƙasashen biyu ba. Wannan iyaka ce Nijeriya da Nijar suka gada cikin 1960.