Harafin Da Baki Ya Ƙi: Tarihin Kalmomin Likitanci A Ingilishi

Kalmar pneumonia, wato ciwon huhu, tana farawa da harafin p, amma babu likitan Ingila da ke furta shi. Harafin gado ne. Girkawa suna furta shi a cikin pneumon, huhu. Turawan Ingila suka ɗauki rubutun yadda yake, harshensu kuwa bai saba haɗa p da n a farkon kalma ba, sai ya haɗiye na farkon. Alƙalami ya riƙe abin da baki ya saki.

Kafin su iso Ingilishi, waɗannan kalmomi sun sha tafiya. A ƙarni na 9, Hunainu bin Ishaƙ ya fassara littattafan Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, daga Girkanci zuwa Larabci a Bagadaza. A ƙarni na 12, Gerard na Cremona ya mayar da Al-Ƙanun na Ibn Sina zuwa Latin a Toledo. A 1543 Andreas Vesalius ya wallafa littafinsa kan ƙirar jikin ɗan Adam, shi ma da Latin. Na'urar ɗab'i ta daskarar da rubutu a daidai lokacin da furucin wasulan Ingilishi ke sauyawa, sai rubutu da lafazi suka raba hanya.

Daga wannan gado likitoci suka sami tubalan gini. Gastr na nufin tumbi, itis kumburi, ectomy yankewa a cire. Daga nan gastritis da gastrectomy suka fito. Da René Laennec ya ƙirƙiri abin sauraren ƙirji a Faransa a 1816, Girkanci ya koma wa, ya haɗa stethos, ƙirji, da skopein, dubawa.

Sai dai gadon yana da ƙaya. Ileum, ƙarshen ƙaramin hanji, da ilium, ƙashin ƙugu, lafazinsu ɗaya ne a Ingilishi. Hyper na nufin yawa, hypo ƙaranci, kuma a bakin mai sauri da ƙyar kunne ke bambance su. Wanda sukarin jininsa ya faɗi, idan aka yi masa allurar insulin bisa kuskuren ji, yana iya rasa ransa. Shi ya sa ɗalibin da ya san tushen kalma ya fi wanda ya haddace sautinta tsira daga kuskure, majinyacinsa ma haka.