Jakara: An Cinye Fili, An Koma Cin Tsakar Gida

Yau a yi mini afuwa, zan ɗan jingine labarin soyayya in taɓo tarihi, domin duk wanda ya kutsa lungunan Jakara da Alkantara da Bakin Ruwa, inda mutum biyu ba sa iya jerawa, zai yi zaton haka Allah ya halicci wurin. To ba haka ba ne.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Jakara kurmi ce mai duhuwa da baƙin ruwa, wadda mutanen zamanin Barbushe ke tsoro har suna yi mata yanka. A gefenta Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, kasuwa kuwa ita ta jawo baƙi. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa shaida: Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawa suka sauka. Duk da haka birni bai cika ba. Baturen nan Clapperton da ya zo a 1824 ya ƙiyasta mutanen Kano tsakanin 30,000 zuwa 40,000, ya kuma ce gidaje ba su ci fiye da rubu'in filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Barth ɗan Jamus, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo a 1851 ya tarar da Jakara ta raba gari biyu, Haɓe a arewa, Fulani a kudu. Wato a lokacin in ɗanka zai yi aure, faɗaɗa gida kawai za ka yi ta baya, a haƙi ƙasa a yi tubali, a ɗora azara. Ramin da aka haƙa ya zama kududdufi, shi ke shanye ruwan damina.

Sai Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso, cinikin gyaɗa ya buɗe. Ƙidayar 1952 ta ba Kano mutum wajen 130,000, ta 1963 kusan 300,000. Da aka zo 2006, ƙaramar hukumar Dala ita kaɗai ta haura 400,000, kai mai karatu, ninkin Kanon Clapperton sau goma ke nan!

Ina aka zuba wannan jama'a? Da farko gonakin cikin ganuwa aka cinye. Da suka ƙare aka waiwayi kududdufai, a yi ta zuba shara har su cike, a wayi gari an yanka fuloti. Ita kanta ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu ba ta tsira ba. Jakara kuwa aka matse ta da gini dama da hagu har ta koma kwatar gari, ruwan sama ya rasa masauki sai ɗakunan mutane.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gidan gado. Kaka ya gina gida don matansa da 'ya'yansa, yau jikoki ne a ciki kowa da iyalinsa, kuma Bakano ya ƙi jinin a ce ya sayar da gidan ubansa ya bar cikin badala. Sai a tsaga gidan, a ja katanga, a fasa ƙofa ta lungu. Zauren da ake karatun allo da sauke baƙi ya koma shago ko ɗakin amarya. Tsakar gidan da mata ke daka da shanya ta zama ɗaki ciki da falo, rijiya ta yi maƙwabtaka da masai. Mai ɗan hali ya rushe ginin ƙasa ya ɗora bene da bulo, tagarsa ta leƙa gidan maƙwabci, sai ƙara gaban mai unguwa. Mu marubuta mun sha ɗora wa kishi laifin faɗan matan gida da faccaloli, alhali sau tari ƙuncin muhalli ne, mata shida murhu ɗaya.

Gwamnatoci sun yi rukunan gidaje irin su Kundila da Gwammaja, daga baya a zangon Kwankwaso na biyu (2011-2015) aka gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, aka kuma fara rufe Jakara da kankare don shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kanta. Sai dai a ganina ba don dukawa da maɗinkan Kurmi aka yi waɗannan gidaje ba, kuɗinsu ya fi ƙarfinsu. Wanda gidan gado ya tofar, awon igiya yake nema a Kurna ko Bachirawa ko Ɗorayi, inda ba a bar wa titi da magudanar ruwa wuri ba, kullum da sassafe kuma ya hau a-daidaita-sahu ya dawo rumfarsa ta Kurmi.