Tarihin Wakilci a Ƙasar Kabi: Daga Zamanin Fatake Zuwa Zamanin Takardar Fili

Ba yau mutanen ƙasar Kabi suka fara yin nesa da gida ba. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan yada zango a Jega, ya ƙetare Kwara, ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja neman goro. Tafiya ce ta watanni, wani lokaci har shekara ta zagayo. Duk falken da ya bi madugu ya bar gona da rumbu, da basussukan da yake bin mutane. Saboda haka mutum biyu ne ke riƙe da arzikinsa: a can, fatoman da ke saukar da shi ya nemo masa dillali, a nan gida kuwa, wakili.

Wakilci ba al'ada ba ce kawai, babi ne a fiƙihun Malikiyya, wanda almajirai ke karantawa cikin Muhtasar na Shehu Halilu da Tuhfatul Hukkami. Wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ba shi da ikon sayar wa kansa abin da aka ba shi ya sayar, sai da izini. In ya karyar da kaya ƙasa da farashin kasuwa, mai dukiya na da zaɓin yarda ko warware cinikin. Amma a ganina, abin da ya fi littafi tsare amana shi ne shaidu: a gaban liman da dattawan unguwa ake naɗa wakili, kuma ya san a gabansu zai yi bayani ranar da mai kaya ya dawo. Ko gabar da ta biyo bayan faɗuwar Birnin Kebbi a 1805, wadda ta sa Kabawa suka mai da Argungu hedikwatarsu, ba ta raba garuruwan biyu a wannan hukunci ba.

Sai dai a wancan zamani dabbobi da hatsi da tufafi aka fi sayarwa. Gona aro ake bayarwa ko jingina, da sanin hakimi.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta kuma hana sayar da filin da ke da takardar shaidar mallaka sai da amincewarsa. Sannan a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama babban birni. Kangon da aka gada, wanda a da sai awaki, ya wayi gari da daraja. Ku da ke Legas da Kaduna da Abuja kun san sauran labarin: ana naɗa wakili ta waya, ba liman ba dattijo, a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, 'yan'uwa na jini su tsaya gaban alƙali kowa na rantsuwa.

Wasu kuma sun ɗauka takardar wakilci ta lauya ita ce maganin komai. Tana da amfani ƙwarai, domin tana fayyace iyakar ikon wakili. Amma mai saye ya lura: a shari'ar Ude da Nwara ta 1993, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa wannan takarda izini ce kawai na yin aiki a madadin wani, ba ita ke mayar da mallakar fili daga hannu zuwa hannu ba.