Daga Bolt 12 Zuwa 48: Tarihin Lantarkin Motocin Tafi-da-Gidanka

Shekaru masu yawa ke nan ina sana'ar wayarin a cikin motocin nan da mutanen Amurka da Turai suke mayarwa ɗakin kwana da madafa da makewayi, su kwashi iyali su nausa daji, su yi zango inda babu turken lantarki ko ɗaya. Kuma da yake na tarar da sana'ar tana kan bolt 12, yau kuwa ga ta tana ƙaura zuwa 48 a gaban idona, na ga ya wajaba in rubuta yadda al'amarin ya gudana, domin matasan da ke shigowa su san sababin abin da suke gani, kada su zaci haka yake tun fil azal.

Asalin mas'alar gado ne. Mota ita ce uwa, ɗakin kuwa goyo ne aka ɗora mata, saboda haka abin da uwar take ci shi ɗan ya tashi yana ci. Motocin Amurka da bolt 6 suke aiki, har kamfanin General Motors ya fara komawa 12 a shekarar 1953, Ford ya bi sahu a 1956, Volkswagen kuwa, wanda motarsa ce kamfanin Westfalia yake gyarawa ta zama ɗakin zango a Jamus, ya yi jinkiri har wajen 1967. Ko da kamfanin Winnebago ya fitar da motarsa ta farko mai ɗaki a jihar Ayowa cikin 1966, magana ta riga ta zauna a Amurka, ta yadda duk mai ƙera fitila ko fanka ko famfon ruwa domin waɗannan motoci, a kan 12 ya yi awonsa. Kuma babu laifi a wancan zamani, gama bukata kaɗan ce: girki da gas, firji da gas, batirin dalma guda ɗaya ko biyu sun wadatar.

Sannu a hankali sai matafiya suka ƙi yarda da wannan ƙana'a. Suka so na'urar sanyaya ɗaki, da murhun lantarki, da duk abin da suka baro a gida, aka shiga ɗaura musu manyan inbatoci masu mayar da wutar batir irin ta gida. A nan ne hisabi ya tsaya mana a gaba, shi kuwa ba ya karɓar ceto. Inbata mai wat 3,000, idan daga bolt 12 zai sha, sai ya ja amfiya 250 ko fiye, wadda ba ta bi sai ta waya mai kaurin babban yatsa, mai tsada, mai taurin da mutum zai yi gumi kafin ya lanƙwasa ta a lungun da ke ƙarƙashin gado. Zafin da ke tashi a waya kuma ba ya tafiya daidai da yawan wutar, a'a, in wuta ta ninka biyu shi huɗu yake ninkawa. Wato wanda ya hau 48 ya mayar da 250 ɗin nan wajen 63, ya kuma mayar da hasarar da ke cikin waya kashi ɗaya bisa goma sha shida. Na sha buɗe akwatin batir in tarar da kan waya ya yi baƙi, robar ta narke, alhali mai motar da 'ya'yansa a samansa suka kwana.

Ba mu muka ƙago 48 ba. Kamfanonin tarho sun daɗe a kanta, kuma hikimarta ita ce, ko batir ya cika maƙil ba ya kai bolt 60, wanda shi ne haddin da ma'abota wannan ilmi suka ɗauka a matsayin iyakar aminci ga jikin mutum. Masu ƙera motoci sun jarraba 42 a ƙarshen shekarun 1990 abin bai kankama ba, sai a 2011 kamfanonin Jamus suka yi ittifaƙi a kan 48. Abin da ya buɗe mana ƙofa kuwa shi ne batirin litiyam mai ƙarfe da fosfet, wanda ya fito daga ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Tekzas wajen 1996: kowace ƙwaya bolt 3.2, in an jera 16 a sami 51.2.

To, amma ga inda gizo yake saƙa. An ɗaga batir zuwa 48, kayan ɗaki kuwa suna nan a kan 12 ɗinsu na gado. Ƙananan ba su da wahala, gama kwanbata mai amfiya 30, wadda ke sauko da 48 zuwa 12, tana riƙe fitilu da fanka da firji ba tare da ta yi nishi ba. Manyan su ne jarrabawa: famfon mai da ke sauke ƙafafun da motar take tsayawa a kansu, da injin da ke turo bangon ɗaki waje, da injin jan mota in ta kafe, wanda kan ja amfiya 400 idan aiki ya yi tsanani. Irin wannan inji, a ƙiftawar farko da zai motsa, yakan nemi ninkin abin da aka rubuta a jikinsa. Batir yana da haƙurin ba shi, kwanbata kuwa da ta ga an wuce iyakarta sai ta ɗauke.

Darasin haɗa wuta iri biyu a mota ɗaya sau biyu na karanta shi. Na farko a Kano, ina yaron shago, inda manyan motoci suke da bolt 24, direba ya zo da rediyo mai 12, wani mai wayarin ya tsotso masa wuta daga ɗaya cikin batura biyu, bayan 'yan watanni ɗayan ya mutu ya ja ɗan'uwansa. Na biyu a ƙasar da nake sana'a yanzu, ranar da na amince wa kwanbata ita kaɗai da famfon ƙafafu, wani dattijo da matarsa suka wayi gari a zango mai nisa, ƙafafun mota a ƙasa sun ƙi tashi. Har yau ina jin nauyin wannan rana.

Abokan sana'a sun yi saɓani a kan magani. Wasu suna jera kwanbatoci uku ko huɗu su haɗa ƙarfinsu, wasu suna cire injin su nemi wanda aka ƙera domin babbar wuta, in an dace da samunsa. Ni abin da na tsayu a kai shi ne a bar ƙaramin batir mai bolt 12 kusa da injin, da gajeriyar waya mai kauri, kwanbata tana cika shi a hankali kamar yadda famfo mai tsiyaya yake cika randa, ranar bukata a kamfata da yawa lokaci guda. Domin aikin waɗannan injuna na minti ɗaya ne ko biyu, hutunsu kuwa na yini ne.

Saura magana ɗaya ga wanda zai sa hannu a wannan aiki. Fiyus ɗin mota da muka saba da shi, bolt 32 ne iyakarsa, wutar batir kuma ba irin ta gida ba ce da take kai da komowa har tartsatsi ya mutu da kansa. In ta kama sai ta zarce. Don Allah, ɗan'uwa, kafin ka ɗaura fiyus ko makunni a kan batir mai 48, juya shi ka karanta adadin da aka rubuta a jikinsa.