Kwana Uku A Badagiri: Sawun Hausawa A Bakin Teku

Duk wanda ya san harkar manyan motoci a nan Gombe ya san ba a kwana biyu ba a yi lodin wake ko shanu zuwa Ikko ba. Da yawa daga cikinmu mun sha zuwa, amma iyakarmu kasuwa: a sauke kaya, a karɓi kuɗi, a juyo. Ni ma haka nake, sai a wata tafiya da aka ja mana rai wajen biya, aka ce mu dakata mako guda. Ina zaune ina ƙirga motoci a bakin titi sai wani ƙanena da ke zaune can ya ce, "Yaya, tashi mu je Badagiri ka ga inda ƙasa ta ƙare." Na bi shi don kashe lokaci kawai. Ashe tarihin gidanmu zan je in tarar.

Badagiri tana yamma da Ikko, dab da Seme, kan iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mutanen garin Egun ne, sarkinsu ana ce masa Akran, kuma garin bai zauna a kan teku sosai ba. Akwai wani dogon ruwa kwance da ya raba shi da gaɓar teku, sai an haye shi da kwale-kwale. Wannan ruwa shi ne arzikin garin tun asali, don ta cikinsa ake zuwa Ikko ta gabas da Porto-Novo ta yamma ba tare da an shiga igiyar teku ba. Masu yi wa baƙi jagora za su ce maka garin ya haura shekara ɗari biyar, amma ƙarfinsa a ciniki ya zo ne bayan da Dahomi ta ci Allada a 1724, ta ci Wida a 1727. Mutane suka watse suka yo gabas, wani ɗan kasuwa mutumin Holan mai suna Hertogh ya kafa zango a nan wajen 1736, jiragen Turawa suka biyo shi. Abin da suke saye kuwa mutane ne. Garin ya yi kuɗi har ya tsone wa maƙwabta ido, a 1784 Dahomi ta zo ta ragargaza shi, daga baya ya sake tashi.

Ranar farko aka kai mu gidan da suke alfahari da shi, wanda mishan suka gama ginawa a 1845, inda Ajayi Crowther ya zauna yana aikin fassara Baibul zuwa Yarabanci. Suna kiransa gidan bene na farko a Nijeriya. To a nan ne na kasa yin shiru. Na ce wa yaron da ke zagayawa da mu, "Ɗana, ka taɓa jin hasumiyar Gobarau a Katsina?" Ya ce a'a. Na ce to tana tsaye ɗaruruwan shekaru kafin a aza harsashin wannan. Ko Baturen nan Clapperton, da ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga gidajen ƙasa masu matakala da ake hawa sama. Yaron ya yi dariya ya ce shi dai abin da aka koya masa ke nan. Ban ga laifinsa ba. Gidan dai yana da kyau, ana hango ruwa ta tagoginsa, kuma ba nisa da shi akwai alamar da aka kafa a gurbin itaciyar Agiya, wadda a ƙarƙashinta Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842. Itaciyar ta faɗi a 1959.

Tunda na ambaci Clapperton, bari in tsaya a kansa, don ta hanyarsa ne Badagiri ta haɗu da Sakkwato. A zuwansa na farko ya bi ta sahara ne, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, suka yi maganar ciniki da ta hana kai bayi bakin teku. Da zai dawo sai ya ce bari ya gwada ta kudu. Ya sauka Badagiri a ƙarshen 1825, lokacin Adele, sarkin Ikko da aka kora, yana zaune a garin yana da faɗa a ji. Daga nan suka kama hanya ta ƙasar Yarabawa, suka bi ta tsohuwar Oyo, suka haye Kwara a Busa, suka isa Kano a 1826. Sai ya tarar zamani ya juya, Sakkwato da Barno suna yaƙi, Sarkin Musulmi ya hana shi wucewa da tsarabar da ya riƙo wa Shehun Barno. Ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827. A lokacin Modibbo Buba Yero yana raye a wannan ƙasa tamu, don sai 1841 ya rasu.

Amma ni ba Baturen ne ya dame ni ba. Wanda ya dame ni shi ne tafintansa, wani dattijo da Turawa ke kira William Pascoe, sunansa na yanka kuwa Abubakar. Bahaushe ne, an ce mutumin Gobir. An kama shi aka sayar, ya bi hannu-hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin bayi, sojan ruwan Ingila suka tare jirgin suka 'yanta shi, ya yi aiki a jiragensu, ya je har Ingila. Wannan mutum shi ya sauko a Badagiri tare da Clapperton ya yi masa baki har ƙasar Hausa. Ka ga ikon Allah! Mutumin da aka fitar a ɗaure ya komo gida da ƙafarsa ta hanyar da aka fitar da irinsa. Ba waliyyi ba ne, don littattafan tafiyar sun nuna a Kano ya sha guduwa da kayan ubangidansa ana kamo shi. Ni dai ban iya yi masa hukunci ba. Wanda ya shekara da shekaru bai ji ana kiran salla da harshen da ya sani ana hira a zaure ba, in ya shiga Kano ƙafarsa ta ƙi fita, na fahimce shi.

Bayan mutuwar Clapperton, yaronsa Richard Lander ya komo Badagiri. Fataken bayi 'yan Fotugal suka kai ƙararsa cewa ɗan leƙen asiri ne, aka sa shi ya sha guba a gaban jama'a, irin abin da muke kira shan gwaska. Ya sha, ya ruga masauki ya amayar, ya tsira. Duk da haka a watan Maris 1830 ya sake saukowa nan da ƙanensa John, Abubakar yana tare da su, kuma a wannan tafiya ce suka bi Kwara har inda ta faɗa teku. A littafinsu sun ambaci malamai Hausawa da suka tarar a Badagiri, sun kuma ba da labarin yadda Musulmin garin suka fita bayan gari suka yi Idin ƙaramar salla cikin ado. Wato kusan shekara ɗari biyu ke nan da ake da jama'ar Musulmi da malaman Hausa a wannan gari. Na nemi sunan Abubakar a bangon gidajen tarihin da muka shiga, idona bai kai kansa ba.

Rana ta biyu ita ce mai nauyi. Muka fara da ɗan ƙaramin gidan tarihi na zuriyar Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari da takunkumin ƙarfe da ake ɗaure wa mutum a baki. Aka ce in ɗaga sarƙar wuya in ji. Na ɗaga, na ajiye da sauri. Daga nan sai gidan Seriki Abass, mai ɗakuna arba'in, ƙanana, kowanne da 'yar kafa ɗaya ta shan iska can sama. Mai jagora ya ce mutum arba'in ake cusawa a ɗaki guda su jira jirgi. Ya nuna mana wata tsohuwar laima ya ce da mutum arba'in aka musanya ta. Shi wannan Seriki Abass Bayarabe ne, shi kansa an taɓa kama shi bawa yana yaro, ya tashi ya shiga sana'ar da ta cinye shi, ya zama babban attajiri kuma shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Mai karatu ya lura da sunan: Seriki ai Sarki ne, kalmarmu ce ta yi tafiya har can. Na ji daɗin jin kalmar, na kuma ji kunyar ƙofar da na same ta a rubuce.

To a nan ne fa ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya. Mun saba in ana maganar cinikin bayi na teku mu ce wannan tsakanin Turawa ne da mutanen kudu, ba ruwanmu. Da ruwanmu, ta fuska biyu ma. Yaƙe-yaƙen da aka yi a ƙasar Hausa kafin jihadi da bayan 1804 sun samar da kamammu masu yawa, kuma wani kaso nasu ya gangaro ta Nufe da Oyo zuwa bakin ruwa. Mafi yawa ta Ikko da Porto-Novo da Wida aka fitar da su, wasu ta nan Badagiri. Waɗanda aka sayar namu ne. Waɗanda suka fara sayarwa, suka karɓi kuɗi a kasuwannin arewa, su ma namu ne. Malamai sun yi ta hani a kan sayar da ɗa Musulmi, amma hani daban, abin da fatake suka yi daban.

Ina aka kai su? Galibi Bahiya, a ƙasar Birazil. Kuma ba su kwanta ba. A 1807 hukumar can ta gano shirin tawaye na bayi Hausawa, aka sake yin wani tashin a 1809 da 1814. A watan Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, Musulmin birnin Salbado suka yi babban boren da ake kira na Male, akasarinsu Yarabawa amma da Hausawa a ciki, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da rubutun Larabci. Wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawan can ya yi musu tambayoyi, ya buga littafi a 1851. Suka riƙa lissafa masa garuruwansu, su Kano da Katsina da Zazzau, da zangon da aka bi da su ɗaya bayan ɗaya har teku. Birazil ba ta rufe shigo da bayi ba sai 1850, ba ta soke bautar ba sai 1888. Kada mu yi saurin yi mata dariya, don a Arewacin Nijeriya sai 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya.

Da la'asar muka shiga kwale-kwale muka haye zuwa Gberefu. Ni mutumin tudu, ban saki gefen jirgin ba har muka sauka. Daga nan tafiyar ƙafa ce cikin rairayi da itatuwan kwakwa. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da suke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Labarin baka ne, amma ko da asiri ko babu, wanda ya kama wannan hanya ya rabu da gida. Sai ka ji ƙugin teku tun ba ka gan shi ba, can sai ga shi, ruwa iyakar ganinka. Wurin suna kiransa da Turanci inda ba a komowa. Ƙanena ya ciro waya zai ɗauki hoto, na ce ya bari tukuna. Muka yi alwala da ruwan da muka riƙo, muka yi salla a kan rairayin, muka yi addu'a ga waɗanda suka bi ta nan ba wanda ya san sunansu.

Rana ta uku ba mu yi yawo sosai ba. Muka leƙa tsohon ofishin Di'o da aka mayar gidan tarihi, muka sha shayi wajen wani ɗan arewa da ya ce ya fi shekara ashirin a garin amma bai taɓa hayewa Gberefu ba. Ofishin nan yana tuna 1863, shekarar da sarakunan Badagiri suka sa hannu garin ya shiga ƙarƙashin Ingila, shekara biyu bayan Ikko. A wannan shekara ce kuma wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara Hausawa a Ikko, yawancinsu bayi da suka gudo daga iyayengijinsu, ya ba su bindiga da kaki. Ana kiransu Hausawan Glover, kuma daga su ake ƙirga asalin sojan Nijeriya. An kai su yaƙin Asante a 1873 zuwa 1874. Tun daga nan Turawa suka riƙe ɗaukar Bahaushe soja, har Hausa ta zama harshen bariki.

Wannan zaren in ka bi shi, a ƙofar gidanmu yake ƙarewa. Rundunar da Lugga ya ci Arewa da ita, hafsoshi ne kawai da 'yan tsirarun manya Turawa, masu riƙe da bindigar baƙaƙe ne, Hausawa da Yarabawa mafi yawa. Su suka shiga Kano da Sakkwato a 1903, su suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya har Burmi, a ƙasar Gombe, inda aka kashe shi tare da jama'a masu yawa ranar 27 ga Yuli 1903. A ɓangarorin biyu na ganuwar Burmi ranar nan da Hausa ake magana. Na sha bin hanyar Bajoga da Ashaka ina harkar gabana, ban taɓa ratsewa na ga wurin ba, sai da na dawo daga Badagiri na nemi wanda ya san hanya ya kai ni.