Rimis

rimis (suna, namiji, daga Ingilishi). Waƙar da ta riga ta fita, aka koma ɗakin ɗaukar sauti aka sake haɗa ta: a ƙara wa ganga nauyi, a janye muryar mawaƙi, ko a maimaita wani sashe. Misali: "Rimis ɗin ya fi asalin waƙar daɗin rawa."

Dogon rimis: wanda aka ja shi ya kai minti shida ko bakwai domin gidajen rawa. Ya yaɗu a Amurka a shekarun 1970, kan faifai mai faɗin inci 12, kuma Tom Moulton na cikin waɗanda suka fara shi.

Kundin rimis: faifan da ya tattara irin waɗannan. Ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila, The Cure, ta fitar da Mixed Up a 1990, har da sabuwar waƙa, "Never Enough". Waƙoƙi biyu, "A Forest" da "The Walk", sai da aka sake ɗaukarsu domin kaset-kaset ɗin asali sun ɓace. Waɗannan kam kiransu rimis ma da ɗan ƙarfin hali.