Shekarar Sannu: Annobar da Ta Share Garke

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya ratsa Dogon Daji da Tambuwal zai ga farin bokolo yana kiwo, balbela na bin sa a baya, har ya ɗauka haka abin yake tun fil'azal. Alhali an taɓa yin shekarar da shanun ƙasar nan suka kusa ƙarewa.

Kalmar bushiya tana da ma'ana biyu a Hausa: 'yar dabbar nan mai ƙaya, da kuma ciwon shanu mai sa zazzaɓi, gyambon baki da zawo har dabba ta faɗi. A 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu masu ɗauke da ciwon a Massawa, bakin Bahar Maliya. Daga nan ya bi burtali da mashaya da kasuwanni ya yi yamma. Zuwa 1891 ya mamaye ƙasashen Daular Usmaniyya. Bafaranshe Monteil, wanda ya iso Sakkwato a shekarar, ya rubuta irin mutuwar shanun da ya gani a hanyarsa. A wurare da dama a Afirka, tara cikin goma na shanu sun mutu. Fulani suka raɗa wa annobar suna Sannu, kalmar da ake yi wa wanda ya yi rashi.

Ciwon bai tsaya a ruga ba. Ya shiga daji ya kashe ɓauna da gadu da dangin barewa. Makiyayin da ya rasa garke ya rasa nono da sadaki da mutunci lokaci guda. Wasu suka koma noma, wasu suka koma kiwon dukiyar wani.

A 1962 aka fara babban gangamin rigakafi na JP15 a yankin Tafkin Chadi, amma da aka yi sakaci, ciwon ya dawo Najeriya da ƙarfi a 1983. Sai a 2011 aka ayyana cewa an kawar da shi daga duniya baki ɗaya, cuta ta biyu bayan agana.

To, ina ruwanmu? Lokacin da aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki a Dogon Daji a 1923, waɗanda suka ga Sannu da idonsu suna raye. Yau babu ko ɗaya, kuma mafi yawan abin da muke karantawa a kanta baƙi ne suka rubuta. Amma dattawan da suka ga bushiyar 1983 suna nan a rugagen Kebbe da Tambuwal. Mu je mu gaishe su, mu tambayi sunayen shanun da suka rasa, inda suka gudu da sauran, da wanda ya ba su aron saniya suka sake tashi. Mu rubuta tun masu labarin suna da rai. Allah Ya ba mu iko.